Zafi a Rumbun Rhoda

Ranar da aka zo kafa bututun nan ni ban yi niyyar fitowa ba. Delbert ne ya yi ta dukan ƙofa har na gaji na jawo takalmana.

"Kawu, rumbunka za a huda wa gefe, ka ce ba za ka zo ka gani ba?"

"Ba nawa ba ne," na ce. "Na Rhoda ne. Je ka tambaye ta."

Ya dai tsaya a bakin ƙofa yana shigo mini da sanyi. Delbert ɗan ƙanwata ne. Shi na miƙa wa jirgina na ruwa da mutanena bayan rasuwar matata Rhoda, domin a wurinmu gwauro ba ya jagorantar farautar agvik. Wannan ƙatuwar dabbar teku da guda ɗaya ke ciyar da gari har shekara ta zagayo ba ta damu da ƙarfin mai jirgi ba. Agvik matar gida yake dubawa, da yadda hannunta yake wajen rabo, da kuma rumbun da za a kwantar da namansa. In bai ga wuri mai tsabta da sanyi ba, sai ya wuce abinsa ta ƙarƙashin ƙanƙara, ku yi ta zama a bakin ruwa har gemunku ya daskare.

Kakana ne ya haƙa rumbun namu a cikin daskararriyar ƙasa, rami mai zurfin tsayin mutum uku da ɗaki a gindinsa. Da ina yaro irinsa sun fi goma a garin nan. Daga baya ƙasa ta fara sakin jiki, tana narkewa. Wasu ruwa ya cika su, wasu suka rufta, na gidan su Simeon kuwa teku ce ta zo ta ɗauke shi da naman ciki. Cikin tsofaffin namu kaɗai ya rage, shi ma bangonsa na gefen teku ya fara zufa duk shekara a watannin da rana ba ta faɗuwa a wannan ƙurya tamu ta arewacin duniya. Bazarar farko da Delbert ya fita a matsayin mai jirgi ya dawo hannu rabbana, tsofaffin mata suka ce ai dole, agvik ya leƙo ya ga ɗakin da za a sauke shi yana ɗiga. To, in rumbun nan bai daskare sosai kafin Afrilu ba, Delbert ba shi da inda zai kai nama, kuma mutanensa sun fara leƙen jiragen wasu.

Wanda ya kawo bututun wani dogon Bature ne daga Fairbanks, Gus Lindgren, mutum mai yawan ba da haƙuri ko ba a yi masa komai ba. Sun haƙa ramuka uku a kewayen rumbun, suka zura bututun ƙarfe a kowanne. Abin da ya fito sama ya fi ni tsayi sau biyu, an jera masa siraran faya-fayan ƙarfe kamar haƙoran mataji.

"Ina za a jona shi da wuta?" na tambaye shi.

"Ba ya shan wuta, Kyaftin."

"Mai fa?"

"Ba ya shan mai."

"To me yake ci? A garin nan ko kare sai an ba shi kafin ya ja maka kaya."

Gus ya yi dariya, ya dafa ƙarfen da safar hannunsa. Ya ce a cikin bututun an rufe wani ruwa da ba ya jure ɗumi ko kaɗan. Ɗan ɗumin da ke cikin ƙasa ya ishe shi ya tafasa. Tururin ya hau sama, iska ta busa faifan nan ta kwashe masa zafin, sai ya koma ruwa ya gangara ƙasa ya sake ɗebo wani.

"Wato ba sanyi yake sakawa ba," na ce.

"A'a, zafi yake fitarwa. Amma cokali-cokali yake yi, ba ya gaggawa. Kuma da hunturu kawai. Ranar da iska ta fi ƙasa ɗumi sai ya kwanta barci."

"Kamar Kawu ke nan," in ji Delbert, "sai dai shi da hunturun yake nasa barcin."

Na ce masa ya je ya fara kamo ko da kifi ɗaya kafin ya yi wa masu jirgi ba'a. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga maganar ta shige shi. Wannan a watan Oktoba ne.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun rasuwar Rhoda gidana ya daina zama gida. 'Yarmu Lucille ta zo daga Anchorage bayan jana'iza, ta wanke ko'ina tas, ta kai kayan uwarta coci aka rarraba, ta sa aka yi wa bango farin fenti. Da zuciya ɗaya ta yi, ban hana ta ba. Amma da jirginta ya tashi na dawo, sai na ji kamar an ajiye ni a ɗakin jira na asibiti. Da safe in kunna oba-oba in ji gari yana gaisawa, wannan na neman wanda zai ara masa batir, waccan na kiran yaranta su zo su ci abinci. Da Rhoda ce ke amsa gaisuwar gidanmu. Ni na ɗauki abin maganar sau da yawa, in riƙe, in mayar.

A zaman da muka yi da ita, shekara arba'in da 'yan kai, da ƙyar na shiga rumbun nan sau uku. Ta hana ni. Ta ce ƙafafuna ƙazanta ne, kuma ban san inda ake ajiye komai ba, ko a ɗakin girki ma cokali sai na tambaya. Don haka a watan Nuwamba, bayan rana ta faɗi faɗuwarta ta wata biyu, da na buɗe murfin rumbun wata rana da tsakar rana, ce wa kaina na yi zan duba aikin Bature ne.

Ina sauka ƙamshin ya tare ni. Ƙamshin man agvik ne da ya tsufa, haɗe da sanyin ƙasa, wanda kullum yake shigowa gida a jikin rigarta. Na haska tocila. Duk ɗakin a kan tsayinta aka tsara shi, ita kuwa guntuwa ce. Ƙugiyoyin rataye nama suna daidai kafaɗata. A bangon gefen teku ta sassaƙa wani ɗan mataki a cikin daskararriyar ƙasa, inda take sa ƙafa in za ta kai hannu ga kantar ajiya ta sama, har tsakiyarsa ya lotsa don yawan takawa. Kusa da shi akwai zane-zanen bakin wuƙarta, inda take goge ta bayan ta yanka maktak, fatar agvik da kitsenta. Na tsaya ina kallon matakin nan har yatsun ƙafata suka daina jin komai.

Washegari na koma. Jibi ma na koma, wannan karon da fatar barewa ta zama. Tocila tana cin batir kuma haskenta ba shi da daɗi, sai na kawo fitilar kananzir. Tsoho ba ya zama wuri ɗaya a irin wannan sanyi ba abin ɗumi a cikinsa, sai na sauko da ƙaramin risho da butar shayi. Murfin sama kuwa nakan jawo shi in bar 'yar kafa kaɗan, don kada wani mai wucewa a babur ɗin ƙanƙara ya ga haske ya ce tsohon nan ya fara taɓuwa.

A can nake ba ta labarin gari. Na gaya mata Simeon da matarsa sun yi faɗa a oba-oba sun manta kowa na ji. Na gaya mata sabon fasto yana wa'azi kamar mai karanta takardar magani. Na kai mata ƙarar Lucille a kan fenti. Ba na cewa tana amsawa, ban haukace ba. Amma a nan maganata ba ta dawo mini banza yadda take dawowa a gida. In ruwa ya tafasa ɗakin ya ɗan yi ɗumi, ƙamshin ya ƙara tashi, sai in jingina da bangon kusa da matakinta in lumshe ido. Tun da aka binne ta ban samu sauƙi irin na wurin nan ba. Haka na yi tun Nuwamba har cikin Janairu, kusan kullum, ban da Lahadi.

A ƙarshen Janairu Gus ya dawo duba aikinsa. Da na ji a oba-oba cewa jirginsa ya sauka, na je na kwashe fitila da risho da fata na kai gida. Har yau ban san dalilin da ya sa na yi haka ba in da gaske ban san ina ɓarna ba. Ya sauka cikin rumbun da na'urorinsa, ni da Delbert da matarsa Verna muna tsaye a sama. Ya daɗe. Da ya fito fuskarsa ba daɗi.

"Ban gane ba, Kyaftin," in ji shi. "Ƙasar da ke kewaye ta daskare yadda nake so. Amma a ciki, bangon gefen teku ya fi yadda na bar shi laushi. Na danna da yatsa ya shiga. Ƙanƙarar rufin ma ta narke ta sake kamawa, sumul kamar gilashi."

"Ƙila bututun naka na ƙarya ne," na ce.

Da wasa na so in faɗa, amma shi bai ɗauke ta wasa ba. Ya ce mai yiwuwa na gefen nan ya yi yoyo, kuma shi ya liƙe bakin bututun da hannunsa, don haka laifinsa ne. Ya ba ni haƙuri, ya ba Delbert haƙuri, saura kaɗan ya ba bututun ma. Ya ce in yoyo ne, sai jirgin ruwan Agusta ya kawo wani.

"Agusta?" in ji Delbert. "Afrilu za mu fita, Gus. Afrilu."

Ya juya ya shuri tarin dusar ƙanƙara, ya hau babur ɗinsa ya tafi ko sallama babu. Ni na tsaya ina gyara hulata. Verna ta karɓi tocilar Gus ta sauka.

Da la'asar ta zo gidana, jaririyarta goye a cikin riga. Ba ta zauna ba. Ta ciro wani abu daga aljihu ta ajiye a kan tebur, ya yi ƙara kamar dutse. Ƙullin ganyen shayi ne mai zare, ya daskare da ƙasa a jikinsa.

"Kawu, agvik ɗin bara waccan ne ke shan shayi a rumbu, ko kuwa?"

"Wa ya aike ki ciki?"

"Ni zan share shi a Afrilu, ba dole in duba ba? Na ga baƙin hayaƙi a rufi. Na ga inda bayan mutum ya lotsa bango."

"Kakana ya haƙa ramin nan tun ba a haifi uban ubanki ba," na ce. "In na ga dama in kai katifa in kwana a ciki."

"Ka kwana mana. Da risho a kunne, murfi a rufe. Wata rana gawarka za mu ciro da igiya, sannan ka nuna mini agvik ɗin da zai yarda ya shiga bayanka."

Bakin Verna kowa ya san shi a garin nan, ita ce ke raba wa yara abinci a makaranta, kuma ba yaron da ya taɓa barin saura a faranti. Na so in kore ta. Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni, amma abin da ya fi su yawa tsoro ne, don na san abin da za ta nema.

Ta sauke jaririyar ta ɗora mini a cinya. Sunan Rhoda aka sa wa yarinyar, don haka bisa al'ada matata ce, haka kuma kowa ke kiranta a gabana.

"Ga matarka nan na kawo maka. Kullum tana gidanmu, kai kana rami."

"Wannan matar tawa ko haƙori ba ta da shi."

"Waccan ma ai ba su da yawa lokacin da ta tafi."

Dariya ta kuɓuce mini, daga nan kuma abin ya juya, sai da na kau da kai wajen taga. Yarinyar ta kama gemuna tana ja. Verna ta zuba wa kanta shayi ba tare da ta tambaya ba, ta ba ni lokaci.

"Verna," na ce, "can kaɗai ta rage. Ko'ina an wanke ta."

"Na sani, Kawu."

"Ba ki sani ba."

"To, ban sani ba. Amma na san mijina ba ya barci. Mutum biyu sun riga sun ce masa za su bi jirgin Simeon. Ban gaya masa komai ba, ba kuma zan gaya masa ba. Sai dai bawan Allahn nan Gus yana can makaranta ya kasa cin abinci, yana zargin hannunsa." Ta karɓi 'yarta ta mayar da ita baya. "Rumbun na inna Rhoda ne, ka faɗa da bakinka. Ita me take so a gani a cikinsa, nama ko kai?"

Bayan ta tafi na zauna ina neman dabara, don tsohon mafarauci ba ya rasa dabara. Na ce ai risho ne matsalar, da fitila. In bar su a gida, in sauka ni kaɗai da rigata, in zauna a duhu. Da safe na tafi makaranta, inda ake sauke baƙi. Na tarar da Gus a ɗakin malamai ya baje takardu yana kallonsu kamar za su ba shi haƙuri su ma.

"Ina da tambaya," na ce. "Ba don kowa ba, don sani kawai. A ce mutum ya sauka rumbu ya zauna. Ba fitila, ba wuta, shi kaɗai. Ai ba komai ko?"

Ya dube ni. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, don kunnuwansa sun yi ja. Ya sunkuyar da kai yana tattara takardunsa.

"Mutum ma wuta ne, Kyaftin," in ji shi a hankali. "Jikin mai rai kamar ƙwan lantarki yake a kunne. Numfashinsa ma ɗumi ne, kuma rufi yake tafiya kai tsaye. Shiga a fito da nama ba komai. Amma zama, kullum, a jikin bangon da dama da ƙyar yake tsaye..." Ya girgiza kai. "Abin da mutum zai zuba cikin awa biyu, bututun sai ya kwana yana kwasa."

"In mutumin ya daina fa? Daga yau?"

"In ya daina, kuma Fabrairu da Maris suka zo da sanyi da iska sosai, ƙila ya kama kafin Afrilu. Ƙila. Ba zan yi maka alkawari ba."

Na miƙe. Ya raka ni har ƙofa, ya ce zai gaya wa Delbert ya sake dubawa ya ga bututun lafiyarsa ƙalau, a ƙara masa lokaci kawai. Daga nan ya ba ni haƙuri. Wannan karon ban yi masa ba'a ba.

Na san kaina, shi ya sa ban dogara da niyyata ba. Na ciro kwaɗon da ke jikin rumfar kayana, na je na datse murfin rumbun, na bi ta makaranta na miƙa wa Verna mabuɗin ta tagar ɗakin girki. Ta sa shi a aljihu ta ci gaba da juya miya. Ban ko sauka na yi bankwana ba, don na san in na sauka zan ce gobe.

Watanni biyun da suka biyo baya ba na son tuna su. Ranar farko da lokacin zuwana ya yi, sai na tsinci kaina tsaye a tsakar ɗaki da buta a hannu. Na kunna talabijin, wasu mutane a wani gari mai itatuwa suna gasar gyaran gida. Na kashe. Na je gidan Delbert sau uku ko huɗu, aka karɓe ni da kyau, aka ba ni kujera mai laushi, aka ɗora mini matata a cinya. Amma gidan masu shirin farauta ne, ana ɗinkin fatar jirgi, ana gardamar igiya da man inji, kowa na da abin yi. In na yi magana sai a yi shiru a saurare ni da ladabi, in na gama a ci gaba daga inda aka tsaya. Kaɗaicin da na ji a cikin hayaniyar nan ya fi na gidana ciwo.

Sai na ba kaina aiki. Gus ya ce kada a bar dusar ƙanƙara ta taru a jikin faifan bututun ko a kan rumbun, don bargo take zame musu. Kullum in ɗauki shebur in je in kwashe. In babu abin kwashewa in kwashe wanda ke kusa. Ni da na yi shekara saba'in ina zagin iskar gabas, sai ga ni ina leƙa taga da safe ina roƙon Allah ya ƙaro ta. Allah kuwa ya amsa, har yara suka yi kwanaki ba makaranta, mutane na ta ƙorafi a oba-oba, ni ina murna a ɓoye.

Wata rana iska ta ɗan lafa, na jingina kaina da bututun gefen teku ta cikin hula. Sai na ji motsi a ciki, ƙasa-ƙasa, kamar buta lokacin da take shirin tafasa, da ɗigo yana gangarawa. Yana ta aikinsa ba ruwansa da kowa. Na ce a raina, wannan shayina ne na Disamba yake fita. Duk zaman da na yi, da ɗumin bayana a jikin bango, da hirar da na yi mata, ga su nan ana ɗebo su kaɗan-kaɗan ana miƙa wa iska. Na tsani ƙarfen nan a ranar, kuma na share masa faya-fayansa ɗaya bayan ɗaya kafin in tafi.

A ranakun da sanyi ya fi tsanani Verna takan zo ta buɗe murfin don sanyin ya gangara ciki, yadda Rhoda ta koya mata. In na hango ta daga nesa sai in canza hanya, in bi ta bayan coci.

Rana ta dawo, ta fara daɗewa a sama. A farkon Afrilu maza suka fara sare hanya a kan ƙanƙarar teku zuwa bakin ruwa, mata kuma suka zo sharar rumbu, don ba a fita farauta sai an share. Verna da ƙannenta biyu suka sauka. Aka fara fito da ragowar tsohon nama, aka rarraba wa tsofaffi, ni ma aka ware mini nawa. Daga nan aka fara kankara. Bokiti na fitowa cike da baƙar ƙasa da tsohon mai, maza na ɗorawa a kan abin ja suna kaiwa can kan teku su zubar. Ina zaune a kan babur ɗin Delbert ina kallo.

Can sai Verna ta leƙo da kanta daga ramin, ta yafito ni. Ta yi magana yadda sauran ba za su ji ba.

"Kawu, bangon ya kama. Kamar dutse, gatari ma tsalle yake. Amma fatar sama, inda ya taɓa laushi, mai ya shiga ta yi wari. Dole mu sare ta, kusan tafin hannu."

"Har matakin?"

"Har matakin."

Na so in ce a bar shi. Rhoda ta yi shekaru tana taka shi bai lalace ba, ni na zo cikin wata biyu na dafa shi da bayana. Ba wanda zan kama da laifi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Ku sare," na ce.

Na ji saran gatari daga ƙasa, ya daɗe. Bayan haka aka yanko sabuwar dusar ƙanƙara daga nesa da gari, inda ko kare bai taka ba, aka sauke ta buhu-buhu aka shimfiɗa. Delbert ya dawo daga kan teku da mutanensa, har da biyun da suka ce za su bi Simeon, suna tsaye a baya-baya kamar ba su ba. Matan suka fito suna huci, gashin idonsu fari.

"Saura dattijo ya duba," in ji Verna da ƙarfi. "Ba a rufewa sai babba ya gani ya ce ya yi."

Ban san da wannan al'ada ba, kuma na girme ta da shekara talatin. Amma ba wanda ya musa, ta kuma miƙo mini tocila.

Na sauka a hankali. Sanyin da ya tare ni ban taɓa jin irinsa a rumbun nan ba, har cikin haƙori. Na haska. Ko'ina fari fat, ƙasa da bango, rufin kuma ya fitar da sabon furen ƙanƙara yana walƙiya. Bangon gefen teku a miƙe yake, ba mataki, ba zanen wuƙa. Na shaƙi iska da ƙarfi ina neman ƙamshin nan, ban ji komai ba sai sanyi. Rumbu ne irin wanda duk mai jirgi yake mafarkin samu. Da ta gan shi da ta yi kwana uku tana yi wa matan gari fankama.

Na zo da magana a bakina, 'yar gajera, tun Janairu nake riƙe da ita. Na buɗe baki na fara kiran sunanta, sai na ga tururin numfashina a hasken tocila, ya tashi ya nufi rufi, wajen sabon furen nan. Na rufe bakina. Na riƙe sauran numfashin a ƙirji, na ƙara duban wurin sau ɗaya, na kama tsani.

Hawa tsanin nan ba numfashi ba wasan tsoho ba ne. Da na kai sama idanuna sun fara ganin duhu, Delbert ya kamo hannuna ya jawo ni.

"Yaya, Kawu? Ya yi?"

Ban amsa ba sai da na taka na yi nisa da bakin ramin, na juya masa baya, sannan na saki numfashin.

"Ya yi," na ce. "Ku rufe."